Indomin da Aka Kai Tsafe

Insfekta Lantana Abdulrahman tana tsaye a bakin titi cikin Gusau, bonet ɗin motarta a buɗe, tana tsine wa bakaniken da ya yi mata juyen baƙin mai shekaranjiya, sai wayarta ta yi ƙara.

Tsinuwar ba ta yau ba ce. Duk wanda ya yi aiki da ita ya san mutane iri biyu ne ba ta ɗaga wa ƙafa, ɓarayi da makanikai, kuma in ka matsa mata za ta ce maka ai duk ɗaya ne, kayan aiki ne kawai ya bambanta. Babu garejin da ba ta leƙa ba a garin nan. Kowanne ta kai wa tsohuwar motarta da ciwo ɗaya, sai ya dawo mata da ita da biyu, yana murmushi yana cewa, "Hajiya, yanzu kam ta zama sabuwa."

Sajan Stephen ne, mataimakinta, ya kira.

"Madam, an tsinci gawa cikin mota a Bungudu. Oga ya ce mu za mu je."

"Harbi ne?"

"Babu harbi, babu jini. Wai kamar barci yake."

Ta maka bonet ɗin da ƙarfi, ta ce ya same ta a hanya.

Gidan suna ne suka tarar ya koma gidan makoki. Tukwanen abinci suna nan a kan murhu, babu mai kallonsu. Motar mamacin, wata Korola ruwan toka, tana fake a wani matsattsen lungu tsakanin katangu biyu, an fasa gilashin wajen direba.

Mamacin sunansa Aminu, malamin makarantar sakandare ne a Gusau. Ya kawo matarsa Nusaiba sunan 'yar yayarta. Bayan azahar zafi ya dame shi, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa a mota ya sha sanyin esi. Da aka kira la'asar aka je tayar da shi, aka yi ta bugun gilas, injin na aiki, shi kuwa ko motsi.

Tun Lantana ba ta gama zaga motar ba wani saurayi ya keto taron, idanunsa jajur, yana dukan ƙirji.

"Markus na! Wallahi Markus yak kashe min wa! Shi yab ɓata mishi salansa!"

"Kai wane ne?"

"Mahadi, ƙanenai. Uwa ɗaya uba ɗaya."

"Wane ne Markus?"

"Bakanikenai. Can Gusau garejinai yake."

Kalmar bakanike kaɗai ta ishi Lantana. Ta sa hannu ta tagar da aka fasa ta murza makulli. Motar ta tashi da wani irin gurnani mai kaushi, kamar janareton mai cajin waya. Ta buɗe ƙofa ta sunkuya ciki, nan take wani wari ya caki idonta. Ta kashe ta ja da baya tana tari.

A ɗaki ta sami Nusaiba, yarinya ce ƙarama, mata sun kewaye ta. Ta yi kuka har muryar ta dashe.

"Ki yi haƙuri, ƙanwata. Tun yaushe motar take wannan ƙara?"

"Tun makon jiya. Ni tambaye shi, yac ce aiki anka yi mata gareji, don ta ƙara gudu. Kin san hanyoyinmu, Anti. Shina cewa in mutum na bisa hanyar Tsafe, bai son mota mai nawa."

"Wane gareji?"

"Ai garejinai guda na, na Oga Markus. Ni dai shi nis sani."

"Ban da mijinki, akwai mai tuƙa ta?"

"Sai Mahadi. Ranan ma shi yat tahi da ita Tsafe, wurin cinikin indomi. Ina ji shina waya shina cewa indomin mai kyau ce, ba a taɓa ta ba. Har nic ce mai in ya dawo ya ɗebo ma yara, yay yi dariya."

Lantana ta gyaɗa kai kawai. Ana maganar rai, ita tana zancen taliya. Amma mai takaba ba a katse mata magana, sai ta yi mata addu'a ta fito.

Kafin su shiga Gusau likitan da ya duba gawar ya kira. Ya ce duk alamu na hayaƙin mota ne, irin wanda ke sa mutum barci ya zarce. Ya ɗibi jini kafin 'yan'uwa su tafi da shi, domin sun ce ba za a kwana ba a binne shi ba.

Labari ya riga su isa garejin Markus. Samari sun cika bakin wurin a kan babura, wani na riƙe da jarkar fetur, ba ya ko ɓoye ta. Markus na tsaye tsakiyar motocin mutane da sifana a hannu. Dattijo ne gajere mai furfura, mutumin kudancin Kaduna, wanda ya fi yawancin samarin nan daɗewa a Gusau.

Lantana ta fito ta daka tsawa.

"Mai jarka, ajiye ta! Duk wanda ya ƙyasta ashana a wurin nan, da hannuna zan kai shi gidan yari. Ku watse!"

Suka ja baya, amma ba su watse ba. Ɗaya ya ɗaga murya ya ce in hukuma ta sake shi, su sun san inda yake kwana.

Ta sa Stephen ya buga wa Markus ankwa. Rabi don ta tsare masa rai ne. Ɗaya rabin kuwa, gaskiya, daɗi ta ji.

A ofis ta zaunar da shi kan benci.

"Ka san Aminu?"

"Tun yana tuƙa mashin. Ni na raka shi ya sayi motar."

"Me ka yi wa salansarsa?"

"Ban taɓa ba."

"Ya ce a ƙara mata gudu?"

"Ya ce. Na ce masa motarsa lafiyarta ƙalau, ya canza filogi da baƙin mai a kan lokaci, ya bar ta yadda masu ita suka yi ta. Ya tafi yana fushi."

"Bayan nan ya dawo?"

Markus ya dubi ƙasa.

"Bai dawo ba."

"Ƙarya kake. Duk haka kuke. Ku karɓi motar mutum da rantsuwa, ku kwance mai kyau ku ɗaura ruɓaɓɓe, in an yi magana ku ce kaya ne yanzu ba su da ƙarko. To wannan karon rai ka kwance."

Ta sa aka tura Markus bayan kanta, inda ake tsare waɗanda ake tuhuma.

Washegari da safe Stephen ya shigo da abin da ya ƙara mata wuta. Ya koma garejin ya zauna wurin Alheri, mai sayar wa makanikai shinkafa da wake. Alheri ta ce ranar Laraba Aminu ya kawo motar tana wannan gurnani, Markus ya leƙa ƙarƙashinta, sai suka hau cacar baki. Da kunnenta ta ji Markus yana cewa, "Fita min da ita daga nan."

"Shi ke nan," in ji Lantana.

"Oga ma haka ya ce. Wai a rubuta caji a kai shi kotu, gari ya lafa. 'Yan'uwan mamacin sun cika masa ofis, Mahadi ne kan gaba."

Ta jawo takarda. Har ta ɗora biro, sai ta ajiye. Tana da zafi, amma ba ta taɓa kai mutum gaban alƙali da abin da ba ta gani da idonta ba. An riga an jawo Korolar daga Bungudu, tana bayan ofis.

"A ɗaga min ita a jak. A fito da tsohon nan."

Ta shimfiɗa kwali, ta kwanta da tocila ta shige ƙarƙashin motar. Ko ita da ba ta san komai a injin ba ta ga ɓarnar. An yanke salansar daga tsakiya, an cire wani sashe, an cike gurbin da guntun bututu mai koren fenti. Gefe ɗaya an yi masa walda. Ɗaya gefen kuwa gwangwanin madara aka fasa aka naɗe, aka ɗaure da waya. Wuta ta cinye gwangwanin, baƙin hayaƙi ya yi zane har zuwa wata 'yar kafa da tsatsa ta huda daidai ƙarƙashin kujerar direba.

Ta fito a fusace.

"Gwangwanin madara! Ran ɗan mutane ka ɗaure da gwangwanin madara?"

"Ba aikina ba ne," in ji Markus. Muryarsa ma ta ɗauki zafi. "Ni da lantarki nake walda, wannan ta kabaid ce. Je ki duba garejina, in kin sami tukunyar kabaid ki yanka ni."

"Amma ka gani ranar Laraba."

Kafaɗunsa suka sauka.

"Na gani."

"Me ya sa ka yi min ƙarya?"

"Tsoro. Ina jin abin da ya kashe shi na san nawa ya same ni." Ya share fuska da hannayensa masu ankwa. "Yaron nan ni nake duba masa mota tun ranar farko. Sai ya kai ta wani wuri aka yanka ta, sannan ya kawo min wai in saurari ƙarar. Raina ya ɓaci. Mu a sana'armu ba ka gyara ɓarnar wani, mai ita ya ɗauki yabo, in ta lalace a ce kai ne. Na ce ya koma wurin wanda ya cire masa indomi ya gyara masa."

Lantana ta juyo a hankali.

"Wanda ya cire masa me?"

"Indomi."

"Kana yi min wasa ne?"

Stephen ya yi gyaran murya. "Madam, haka suke kiranta. Wata tukunya ce a tsakiyar salansa, mai tace gubar hayaƙi. In an fasa ta cikinta kamar taliyar yara, shi ya sa. Tana da tsada sosai, akwai masu bi gari gari suna saye. Sai a ce wa mai mota ita ke shaƙe injin, in an cire mota za ta yi numfashi ta ƙara gudu."

"Kuma tana ƙarawa?"

"Ƙara dai take ƙarawa," in ji Markus.

Lantana ta tsaya da tocila a hannu, kunnenta na maimaita mata dasasshiyar muryar Nusaiba. Indomin mai kyau ce, ba a taɓa ta ba. Ya ɗebo wa yara. Sai kuma ta tuna wani abu da ya fi wannan ciwo. Jiya a Bungudu, likita bai yi magana ba, ba wanda ya leƙa ƙarƙashin motar, ita kanta ba ta murza makulli ba, amma Mahadi ya riga ya ambaci salansa. Yana gaban idonta ya faɗa, ita kuwa ƙin makanikai ya toshe mata kunne.

Haushin ya rasa inda zai sauka, sai ya koma kan Markus.

"Kai kuma, da ka ga gwangwanin, ka gaya masa zai iya kashe shi?"

"Ban gaya masa ba."

"Saboda me?"

"Na ce bari ya ɗan sha wuya ya dawo ya ba ni haƙuri."

"To ga shi ya sha. Mayar da shi ciki, Stephen. A can ne kawai ba za a ƙone shi ba. Ka samo zarto ka yanko min koren bututun nan."

Ta shiga wurin oga ta roƙi a dakata da cajin zuwa yamma. Ya ce in ta dawo ba ta samo komai ba, shi da kansa zai sa hannu a takardar Markus.

Da motarta suka kama hanyar Tsafe, ba da ta ofis ba, kuma babu mai kaki a cikinsu. Hanyar kamar kullum, kowa ya taka totur ya ƙi waiwaye, daji na wucewa ta gefe. A nan ta fahimci abin da ya ja Aminu. Ba son burga ba ne. Mutum ne mai ɗauko mata da yara a hanyar da ba a son tsayawa.

Masu walda suna jere a bakin titi. Biyun farko da Stephen ya yi musu zancen ƙara wa mota gudu, nuni suka yi masa da baki zuwa gaba. Rumfa ta ƙarshe an rubuta mata da jan fenti: SADIƘ WALDA, MAI BUƊE NUMFASHIN MOTA. Mai wurin siriri ne, da baƙin tabarau a goshi da tukunyar kabaid a gefe.

Lantana ta gyara mayafi ta yi muryar matan manya.

"Malam, motar nan ba ta ja. An ce kai ne gwani."

"An hwaɗi gaskiya, Hajiya. Indomi na ka shaƙe ta. In mun cire, sai kin riƙa taka birki da ƙahwa biyu. Kuma ba ki biyan ko sisi, mu za mu ba ki wani abu bisa."

Ya ja kwali ya shige ƙarƙashi. Bai daɗe ba ya fito yana kaɗe hannu, fuskarsa duk takaici.

"Hajiya, ai wagga an riga mu. Taki an daɗe da cire ta. Bututu na kawai, shi ma ya hwara tsagewa."

Stephen ya kawar da kai don kada ta ga bakinsa. Lantana kuwa ba dariya a ranta. Wannan motar ce take ɗaukar 'ya'yanta zuwa makaranta kullum safe, gilas a rufe, esi a kunne. Ƙaramarsu takan ce kanta na ciwo, ita kuma ta ce ƙiwar makaranta ce. A cikin duk garejojin da ta zaga, wanne ne ya yi mata wannan? Ba za ta taɓa sani ba.

Ta ciro katin aiki ta manna masa a fuska.

"'Yan sanda. Korola ruwan toka daga Gusau, makon jiya. Wa ya kawo maka?"

"Korola? Wallahi Hajiya rabona da Korola tun kahin azumi."

"Kada ka ƙara rantsuwa a gabana."

Stephen ya riga ya shiga rumfar yana tona tarin ƙarafa. Ya fito da wani tsohon ƙarfen rumfar biki mai koren fenti, an yanke masa baki. Lantana ta ciro guntun bututun daga leda ta haɗa su. Fenti ɗaya, kauri ɗaya, har wata 'yar lanƙwasa da ta bi ta jikin duka biyun.

"Mai motar ya mutu jiya. Hayaƙin aikinka ya shaƙa."

Sadiƙ ya zube a ƙasa.

"Innalillahi! Hajiya, ni ban ga mai motar ba. Mahadi yak kawo ta. Shi ka kawo min motoci, mu cire, ya kai ma mai saye, ya ba ni na aiki. Yac ce ta wanai ce, ya amince."

"Gwangwanin fa?"

"Kabaid yaƙ ƙare min ina tsakar aiki. Nic ce ya bar ta ta kwana in gama da sahe. Yac ce la'asar ta yi, bai kwana Tsafe, bai kuma bin hanya da duhu. Shi da kainai yas sawo madara wurin mai shayi munka hwasa gwangwanin. Nic ce mai, wanga na kai ka gida na kawai. Ka tahi gilas a sauke, kada a kunna esi, gobe ka maido ta. Har yau ban ƙara ganinai ba."

"Ka gaya masa kada a kunna esi?"

"Har sau nawa! Mai shayi na nan, a tambaye shi."

Aka tambayi mai shayi, ya tabbatar. Suka damƙa Sadiƙ a hannun 'yan sandan garin, suka juyo. Stephen ya miƙa hannu zai kunna esi, ta buge hannun.

A Bungudu aka yi zaman makoki, gidan surukan Aminu, inda aka yi masa sutura. Maza na zaune kan tabarmi a ƙofar gida. Mahadi na tsakiya, sanye da farar shadda, yana karɓar gaisuwa yana ba da labarin muguntar Markus. Da ya hango Lantana ya miƙe.

"Ranki ya daɗe, an kai shi kotu?"

"Saura kaɗan. Zo zaure, akwai abin da zan tambaye ka gaban matar wanka."

Aka kira Nusaiba, ta zauna a bakin ƙofar cikin gida da carbi a hannu. Wasu dattawa biyu suka shigo suka tsaya.

"Mahadi, mece ce sana'arka?"

"Kayan waya nika saidawa, caja da su iyafis."

"Kana sayar da kayan abinci?"

"A'a."

"Ka taɓa kai motar Aminu wani gareji?"

"Ni? Ban taɓa ba. Aronta dai nikan yi."

"Ranar da ka je Tsafe da ita, me ka je yi?"

"Kaya nik kai ma wani abokin ciniki."

Lantana ta juya ga Nusaiba. "Ƙanwata, faɗa masa abin da kika faɗa min."

Nusaiba ta ɗago, ba ta gane inda aka dosa ba. "Ai cinikin indomi kat tahi, Mahadi. Ka manta? Kana waya kana cewa mai kyau ce, ba a taɓa ta ba."

Fuskar Mahadi ta canza. Ya yi wata 'yar dariya da ba ta da gindi.

"Au, wannan. Wani na yab ba ni saƙo, kwali kaɗan."

"Kwali nawa? Daga wane shago? Wa ka kai wa?"

Mahadi ya kawar da kai. Lantana ta matso kusa da shi.

"Jiya wa ya gaya maka salansa ce ta kashe wanka, tun likita bai buɗe baki ba?"

"Ƙarar motar kowa na jin ta."

"Kowa na jin ta, kai kaɗai ka san tana kisa." Ta zazzage ledar a gabansa. Koren bututu da ƙonannen gwangwani suka faɗo kan tabarma. "Sadiƙ mai walda yana hannunmu. Mai shayin da ya sayar maka da madarar ma ya tuna ka."

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Mahadi, mi ag gaskiyar maganar ga?"

Mahadi ya durƙusa ya fashe da kuka.

"Wallahi ban yi nuhin kashe shi ba. Shi yad dame ni shina son motar ta ƙara gudu, Markus ya hana. Nic ce na san wuri. Ni dai na ga indominai sabuwa ce, nic ce shi ya samu gudu, ni in samu na kashewa. Bai san ana saida ta ba."

"Sadiƙ ya ce ka mayar da ita washegari. Me ya hana?"

"In nic ce aikin bai ƙare ba, shina bina Tsafe, ya ji komi. Nic ce bari in samu rana in sake aronta."

"Ka ce masa kada ya kunna esi?"

Ya girgiza kai.

Nan Lantana ta saki abin da ke cinta tun safe.

"Magana ɗaya! Yaya, sauke gilas. Ita kaɗai ce tsakaninsa da kabari, ka haɗiye ta don kada a gane ka ɓarawo ne. Kana kallo ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa a ciki. Da ya mutu kuma ba ka tsaya ka yi kukan wanka ba, sai ka tara yara da fetur ka nuna musu ƙofar wani. Da na makara jiya, da yanzu gawa biyu ce a wuyanka."

Nusaiba ba ta yi ihu ba. Kallonsa kawai take, carbin ya zame daga hannunta.

"Indomin ke nan?" ta ce a hankali. "Har nic ce ka ɗebo ma yara, Mahadi. Kay yi dariya."

Stephen ya buga masa ankwa. Da suka fito, samarin da suka je garejin jiya suna cikin masu zaman makoki. Lantana ta tsaya ta dube su ɗaya bayan ɗaya, har mai jarkar, wanda ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma.

Ta kira ofis a gabansu, da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"A yaga cajin Markus, a sake shi. Ku ce masa gobe da safe zan kawo masa motata. Ku kuma ce masa duk abin da ya gani a ƙarƙashinta ya faɗa min, ko yana fushi da ni, ko ina zaginsa. In ya sake haɗiye magana, ni da shi ne."

Aka tura Mahadi kujerar baya, Stephen ya zauna kusa da shi ya ja ƙofa. Rana ta gasa motar, gilasai duk a rufe tun da suka faka. Lantana ta murza makulli. Injin ya tashi da ɗan kaushin nan da ta shekara tana ji tana ɗauka tsufa ne.

Mahadi ya daina kuka. Ya kasa kunne. Sai ya fara mutsu-mutsu yana kai hannayensa masu ankwa wajen ƙofa.

"Ranki ya daɗe, wagga motar ba ta da indomi. Salansar ma ta hwashe, ina jin ta. Don Allah a sauke gilas."

Lantana ta dube shi ta madubi, ta daɗe tana dubansa.

"Ashe ka iya faɗa," ta ce.

Ta sauke gilasan duka huɗu, ta sa giya, suka kama hanyar Gusau.